304, lambar da ke tsare ma mutane forfe

Na jima ina son in rubuta wanga abu, aiki ne bai bari ba. Yau akwai kuran tun safe kuma reso bai yi gardama ba, na ce bari in zauna in fidda shi daga cikina ko wani mai irin sana'ata ta kula da shafukan intanet zai amfana.

Akwai wani ɗan shafi da nake kula da shi nan Tawa, na wasu dattawa ne ƴan kasuwar albasa. Ba wani babban abu ba ne, farashin buhu ake sawa, da sanarwar kamiyon da ke lodi da inda ya dosa, da hotunan kaya, sai kuma saƙon murya saboda da yawa cikin masu buɗewa ba su karanta boko, saurare suke. Masu shiga kuwa suna warwatse, wasu suna Galmi wasu Madawa wasu Ƙonni, ga direbobi da dillalai da ke kan hanyar Abijan ko Akara, kuma kusan dukansu da salula suke shiga, da ɗan forfe na kwana ɗaya ko na sati wanda mutum ya ƙirga kuɗinshi kafin ya saya.

Ran nan bayan la'asar babban cikinsu ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, ɗana, wanga abu naka fa yana shan mega kamar raƙumi ya samu rijiya, yara suna ta kuka, mutum ya buɗe sau uku a wuni shi ke nan forfe ya tafi, alhali hotunan nan su ne dai na makon jiya babu abin da aka ƙara. Na ce Baba Alhaji ka yi haƙuri, in sha Allah daren nan zan duba. Wallahi maganar ta tsaya mani a rai, don na san mutanen da yake faɗa, na san ɗari biyar a wurinsu kuɗi ce.

To bari in fara bayyana yadda abin ya kamata ya tafi in komai lafiya lau, don sai an gane wannan za a gane inda na yi kuskure.

Duk fayil da ke kwance cikin kwamfuta yana da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, kwamfutar ce ke rubutawa da kanta. In burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafi da ita, ta nemi hoto karo na farko, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, za ta miƙo hoton da lamba 200 mai nufin ga shi an samu, kuma a saman saƙon ta ɗora wani layi mai suna Last-Modified, ma'ana ga ranar da sa'ar da aka canza shi na ƙarshe. Yadda ake rubuta lokacin ƙayyadadde ne, misalin da ke cikin takardun HTTP, wato ƙa'idar da burauza da saba ke magana da ita, kullum shi ne wanga:

Sun, 06 Nov 1994 08:49:37 GMT

Burauza sai ta adana hoton a ma'ajiyarta cikin salula, ta adana lokacin nan tare da shi. Gobe in ka dawo ba ta cewa a ba ni hoto kai tsaye, sai ta yi tambaya mai sharaɗi, ta aika layi mai suna If-Modified-Since ɗauke da lokacin nan da aka ba ta jiya, kamar tana cewa ina da na ranar kaza ƙarfe kaza, in an canza tun lokacin ki ba ni sabo, in ba a canza ba ki bar shi. Saba ta dubi fayil, ta gwada lokutan biyu, in babu canji sai ta amsa da lamba 304 kawai, ba hoto ba komai, ƴan layuka ne da ba su kai ko kilo ɗaya ba, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu na mega, burauza ta ɗauko na ma'ajiya ta nuna maka.

Ni kullum gaisuwarmu yake tuna mani. Ina labari? Sai alheri. An gama, kowa ya kama gabanshi. Ba wanda ke zaunar da kai ya maimaita maka duk abin da ya faru tun bara don ka ce ina labari.

Kuma ba sabon abu ba ne, tun HTTP/1.0 yake, takardar RFC 1945 ta shekarar 1996, lokacin da mutanen Turai da Amurka ma da layin tarho suke shiga intanet kuma kowane kilo yana da nauyi a wurinsu. Su yanzu galibi sun wuce wurin, mu har yau muna ciki, shi ya sa nake ganin mu ya fi kamata mu riƙe wanga ilimi da hannu biyu. An sake tsara dokokin a RFC 7232 a 2014, wadda Roy Fielding da Julian Reschke suka shirya, daga baya aka haɗe su cikin RFC 9110 a 2022, amma asalin dabarar tana nan yadda take.

Da dare na buɗe rajistar saba, inda take rubuta kowace buƙata da lambar da ta amsa. Na bi layukan hotuna da na muryoyi. Kowace safiya 200, 200, 200 har ƙasa, salula guda ta sauke hoto guda yau, gobe ta sake sauke shi, jibi ma haka. 304 sai jefi-jefi cikin wuni, da gari ya waye kuma a koma farko.

Laifin nawa ne. Ina gyara kayan shafin a kwamfutata, sannan na rubuta wani ɗan umarni da ke goge jakar da ke kan saba kowane dare ya kwafe komai sabo da scp, umarnin tura fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta, don a ganina haka ya fi tsabta. Abin da ban yi tunani ba shi ne scp in ba ka sa mashi -p ba ba ya tafiya da lokacin fayil na asali, lokacin da ya sauka shi ake rubutawa. Wato hoton da aka ɗauka wata uku da suka wuce kowane dare yana zama jariri sabon haihuwa a idon saba. Burauza ta zo da tambayarta tsakani da Allah, an canza tun jiya? Saba ta duba ta ga ƙarfe biyun daren jiya, ta ce e an canza, ta juye mata kaya duka. Ita saba ba ta yi ƙarya ba, abin da na nuna mata ta faɗa. A ce hotuna goma ne kowane rabin mega, mega biyar ke nan kowace safiya ga kowane mutum, a kan abin da yake riƙe da shi cikin salularshi tuntuni, ba a ma zo kan muryoyi ba.

Gyaran layi ɗaya ne, na koma rsync, wani umarnin kwafa, da -a, shi yana kiyaye lokacin fayil kuma abin da bai canza ba ba ya ko taɓa shi. Masu aiki da git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren fayiloli, ma su lura, git ba ya adana lokacin fayil, in ka janyo kaya sabo cikin jaka sabuwa duk fayilolin lokacin janyowar za su ɗauka, matsala guda ce da wata riga.

Wannan kuɗi ya ci ma mutane. Kuskurena na biyu shi ya fi tayar mani da hankali don shi gaskiya ya taɓa.

Shafin farashi ba fayil ba ne a kwance, wani shiri da na rubuta da yaren PHP ke haɗa shi duk lokacin da aka nema, kuma irin wanga saba ba ta san ranar canjinshi ba, sai kai mai rubutawa ka faɗa mata. In ba ka yi komai ba babu Last-Modified babu 304, kullum cikakke ake aikawa. In ma ka kira session_start a kai, umarnin da ke tuna mai shiga, PHP da kanshi yake ɗora layukan da ke hana adanawa, har da wata tsohuwar rana ta 19 ga Nuwamba 1981 a layin Expires, duk wanda ya taɓa leƙa kan saƙon PHP ya gan ta. To ni da na ga amfanin 304 sai zumuɗi ya kama ni na ce bari in yi ma shafin farashi shi ma. Na ɗauko lokacin fayil ɗin da farashin ke ciki da filemtime, na rubuta shi da date, na liƙa GMT a ƙarshe da hannuna, na aika.

Ga inda gizo ke saƙar. Agogon Nijar yana gaban GMT da awa ɗaya, kuma na saita PHP a kan lokacin Yamai. Ƴan albasa ma sun fi ni sanin wanga, don Akara da Abijan a kan GMT suke, duk wanda ke kiran dillalinshi can ya san in ƙarfe takwas ce nan, can bakwai ce. Ni kuwa na ɗauki takwas ta Tawa na rubuta mata GMT a goshi. Sakamakon shi ne, an sa farashi ƙarfe 8:00 na safe, mutum ya buɗe 8:10 ya samu shafi da tambarin 08:00 GMT, wanda a gaskiya tara ce ta nan. Ƙarfe 8:20 aka gane an yi kuskure a lamba aka gyara. Mutumin ya sake buɗewa, burauzarshi ta ce an canza bayan 08:00 GMT? Shirin nawa ya duba ya ga canjin ƙarshe 07:20 GMT ne, bai kai takwas ba, ya ce 304, na hannunka daidai ne. Kuma haka zai yi ta gaya mashi har sai an sake taɓa fayil ɗin bayan ƙarfe tara. Wanda bai shiga da wuri ba yana ganin farashin da aka gyara, wanda ya yi sammako yana ganin na kuskure, mutum biyu suna zaune kan tabarma guda a fada kowa da salularshi kowa da lambarshi, suna musu.

Allah ya taimaka wani ƙanena da ke cikin masu lodi ya turo mani hoton fuskar salula biyu gefe da gefe ya ce yaya duba wanga, wanne ne gaskiya. Ban yi barci ba sai da na gano. Maganin gmdate ne maimakon date, harafi biyu. Ƙa'idar ma ta faɗa ƙarara, lokacin HTTP kullum GMT ne, kuma saba ba ta da izinin ba da Last-Modified da ya wuce lokacin da take aika saƙon, in fayil ya nuna lokacin da bai zo ba tukuna sai ta maye shi da na yanzu. Da na bi wanga sharaɗi guda da kuskuren bai yi nisa haka ba. Washegari na je da kaina na gaya ma Alhaji abin da ya faru, ban ɓoye ba, don ciniki ake ƙullawa da lambobin nan.

Daga nan ne na fahimci wani abu a nginx, manhajar da ke tafiyar da saba, da da nake gani kamar tsaurin banza. Yana da saiti mai suna if_modified_since, kuma yadda yake zuwa daga gida a kan exact yake, wato ba ya ba da 304 sai lokacin da burauza ta kawo ya yi daidai cif da na fayil, daƙiƙa da daƙiƙa. Akwai before, wanda ke cewa in dai fayil bai fi lokacin da aka kawo sabunta ba to 304. A karatu before ya fi kama da ma'anar kalmomin. Amma ka yi tunanin ranar da ka ɗora hoton da ba shi ba, ka gane, ka maido da tsohon daga ajiya da tsohon lokacinshi. Da before duk wanda ya riga ya sauke na kuskuren za a ce mashi babu canji, don fayil ɗin da ke nan yanzu ya girmi nashi. Da exact lokutan sun saɓa, sai a ba shi na daidai. Ni dai na bar shi a exact kuma ina ba kowa shawarar haka, sai in yana da dalili mai ƙarfi. In kuma sabarka irin mai gwada gaba da baya ce, ka maido da tsohon fayil, to ka buga mashi umarnin touch ya ɗauki lokacin yanzu.

Lokaci yana da wani rauni kuma, ba ya ƙirga abin da bai kai daƙiƙa ba. Fayil ya canza sau biyu cikin daƙiƙa guda, tambarin guda ne. Shi ya sa HTTP/1.1, tun RFC 2068 a 1997, ta kawo ETag, wata ƴar alama da saba ke ba kowane zubi na fayil, burauza ta maido da ita cikin If-None-Match. In duka biyun suka zo tare ETag ake bi a yi watsi da lokacin, haka dokar ta ce. Sai dai kar mutum ya ɗauka ETag ta raba shi da kula da lokaci, don nginx daga lokacin fayil da girmanshi yake ƙera ta, Apache 2.4, wata manhajar saba, ma haka yake zuwa, shi ya sa a matsalata ta farko ETag ba ta cece ni ba, kowane dare ita ma sabuwa take zama. A shafin farashi yanzu daga abin da ke cikin shafin nake lissafa ta, in lamba guda ta motsa alamar ta motsa, agogo ya yi abin da ya ga dama.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, ni ma a makare na sani. In ka ba da Last-Modified amma ba ka faɗi tsawon lokacin da za a riƙe abu ba, burauza tana da damar yin kintace da kanta, kuma abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tsufan fayil. Fayil ya kwana goma ba a taɓa ba, tana iya riƙe shi wuni guda cur ba ta ko tambaya. Ga hoto babu laifi. Ga sanarwar da ta jima shiru sannan aka canza ta da gaggawa, masifa ce. Don haka a farashi da sanarwa na sa Cache-Control: no-cache, sunan yana ruɗarwa, ba ya nufin kar a adana, yana nufin a adana amma a tambaya kowane karo kafin a nuna, wanda ke hana adanawa gaba ɗaya no-store ne. Hotuna kuwa na ba su max-age, wato wa'adin riƙewa ba tambaya, mai tsawo, in an canza hoto sai in canza mashi suna. Dalili shi ne 304 tana tsare mega amma ba ta tsare jira, sai tambaya ta je amsa ta dawo, kuma wanda ke bayan gari da reso sanda ɗaya ya san tambaya ashirin a jere ba wasa ba ce ko da kowace amsarta gajera ce.

Muryoyin nan kuma akwai abin da ke yi masu aiki wanda nake ƙauna ƙwarai, If-Range. Mutum yana sauke saƙon murya reso ya yanke a rabi, abin da ke faruwa kullum. In ya dawo, manhajar da aka rubuta da kyau za ta ce ba ni daga wuri kaza zuwa ƙarshe, da sharaɗin fayil ɗin shi ne dai wanda na fara. In shi ne, saba ta ba da sauran da lamba 206. In an canza shi a tsakani sai ta ba da sabon cikakke da 200, don kar a ɗinka kan tsohuwar sanarwa da gindin sabuwa. Ka ga ashe goge-gogen da nake yi kowane dare har wanga yake lalatawa, wanda ya sauke rabi da dare ya dawo da safe sai ya fara daga farko.

Akwai ɗan'uwansu If-Unmodified-Since, shi na masu rubutawa ne, ka ce a karɓi gyarana in dai ba wanda ya taɓa abin tun lokaci kaza, in an taɓa saba ta ƙi da lamba 412. Yana hana mutum biyu su taka gyaran juna. Ban sa shi ba tukuna don mutum ɗaya ke shigar da farashi, amma an fara maganar a ƙara na biyu a Galmi, ranar da aka yi haka dole in zauna kanshi.

Wanda ke son ya gwada nashi shafin ba sai ya sayi komai ba. Ka buga umarnin curl -I, mai nuna kan saƙon saba, da adireshin wani hoto, ka ga ko akwai Last-Modified, ka kuma duba ko ranar ta yi kama da gaskiya ko ta daren jiya ce alhali hoton na bara ne. Sannan ka kwafi lokacin nan daidai yadda yake, ka sake nema da -H ka sa shi cikin If-Modified-Since. In ka ga 304 madalla. In ka ga 200 to ka bincika, ko lokacin ne ba ka kwafa daidai ba, don in rubutun ranar ya karkace saba watsi take da shi ta ba da komai ba tare da ta ce uffan ba, ko kuwa wani abu a tsakani yana cinye layin. Ka sake gwadawa gobe bayan ka ɗora sabbin kaya, da lokacin jiya, a kan fayil ɗin da ba ka taɓa ba, wanga gwajin na biyu shi ne da na yi tun farko da Alhaji bai kira ni ba.

Abin da ya rage mani yanzu wata ƴar kwamfuta ce Raspberry Pi ta 3 da ke buron dattawan, inda ake naɗar muryoyin kafin su hau saba. Ba ta da agogo mai batir a cikinta, in kuran ya ɗauke ya dawo kuma babu intanet a lokacin sai ta tashi da tsohon lokaci, duk abin da aka naɗa kafin ta daidaita da ranar da ba ita ba yake fita, kuma rsync da na sa yana kwashe wanga ranar da aminci ya kai saba. Na yi odar ɗan agogon da ake maƙala mata daga Yamai, wani direba zai taho da shi ran Alhamis. Kafin nan na ce ma yaron da ke naɗa ya riƙa duba sa'ar da ke kan allo ya gwada da ta salularshi kafin ya danna.